Sharhi: remote-viewer da SPICE ga mai fama da allo da kibod a VM

Duk mai kula da kwamfutocin VM (kwamfutocin kwaikwayo da ke gudana a cikin wata kwamfutar) a kan saba (babbar kwamfutar da ke ɗauke da su) ya san ranar da SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa da rubutaccen umarni, ta ƙi buɗewa ce ranar da ake neman allon kai-tsaye ido rufe, kuma a ranar ne allon ke tashi da gardama. Na daɗe ina aiki da tagar VNC (tsarin kallon allon kwamfuta daga nesa) ta cikin burauza a kan sabar da ke tafiya da KVM da QEMU, manhajojin da ke tafiyar da VM, kafin na koma remote-viewer, ƙaramar manhajar da ke zuwa cikin kunshin virt-viewer, ina haɗa ta da SPICE, wani tsarin kallon allo daga nesa kamar VNC. Ta raba ni da rigimar kibod, ta daidaita linzami da girman allo. Baƙin allo kuwa ba huruminta ba ne, wanda ya ce maka tana maganinsa bai gwada ta a kan saba marar tebur ba, wato marar allon tagogi da gumaka, sai rubutu zalla.

Kibod ne ya kai ni gare ta. Kana da kalmar sirri mai alamar @ a ciki, ka rubuta a tsanake, VM ta ce ba ita ba ce. Ka sake, ta sake ƙi. Dabarar gano bakin zaren ita ce ka rubuta alamomin a gurbin sunan mai shiga, inda ake ganin abin da ke fitowa. Nan za ka ga @ ta rikiɗe ta zama ", ko y da z sun yi musayar wuri idan tsarin Jamus ya shigo lissafin, ko a ta koma q idan na Faransa ne.

Dalilin yana cikin ginin VNC tun asali. Tsarin ya fito daga wani ɗakin bincike a Kambirij a ƙarshen shekarun 1990, kuma abin da yake aikawa shi ne harafin da ka nufa, ba maɓallin da yatsanka ya danna ba. Ita kuwa QEMU kibod na zahiri take kwaikwayo, don haka dole ta mai da harafin zuwa lambar maɓalli ta hanyar wani jadawali, wanda in ba a canza ba na Amurka ne. Daga nan VM ta sake mai da lambar zuwa harafi da nata tsarin. Hannu uku ke nan a kan harafi guda, ɗaya ya saɓa shi ke nan. SPICE tana aika lambar maɓallin kai tsaye, sai ya rage tsarin da ke cikin VM kaɗai za ka daidaita, da localectl set-keymap ko loadkeys. Tun da na koma kanta ban sake tsayawa ina laluben inda | ta ɓuya ba.

Sai dai a yi wa VNC adalci. QEMU ta ƙara masa wata hanya ta aika lambar maɓalli, manhajojin kallo na noVNC da TigerVNC duk sun iya ta. Abin da ke kashe ta shi ne a sa wa VM jadawalin kibod da hannu, da -k ko da keymap a fayil ɗin libvirt, manhajar da ke riƙe saitin VM. Muddin yana nan, QEMU jadawalin za ta bi. Kafin ka sauya manhaja, goge wannan layin, ka kashe VM ɗungurungum sannan ka kunna. Sake tayar da ita daga ciki ba ya wadatarwa, domin QEMU ɗin da ke gudana ba ta sake karanta saitin ba. Mutane da yawa a nan matsalarsu za ta ƙare.

Linzami biyu a allo, ɗaya na bin ɗaya a baya ba sa haɗuwa, wannan ba ya buƙatar dogon bayani: a ƙara wa VM na'urar usb-tablet, wadda ke faɗin ainihin wurin da kibiya take maimakon nisan da ta motsa.

Inda remote-viewer ta fi burge ni shi ne a VM mai tebur. Ka sa katin hoto ya zama QXL ko virtio, ka girka spice-vdagent a ciki, ka tabbata tashar com.redhat.spice.0 tana cikin saitin VM, sai allon ya riƙa bin girman taga. Ka ja gefen taga, tebur ya miƙe ya cika ta. Ka kwafi dogon umarni daga kwamfutarka ka liƙa a can ba tare da ka rubuta shi harafi-harafi ba, kuma wanda ya taɓa rubuta makullin SSH da hannu ya san girman wannan ni'ima. A Windows sai an girka direbobin baƙo (wato tsarin da ke cikin VM) tukuna, in ba haka ba allon yana nan ɗan tsugul a tsakiya. Wasu tebura marasa nauyi na Linux ma ba sa miƙewa da kansu, sai ka taɓa su da xrandr. Akwai kuma jerin aika maɓallai a saman taga, inda Ctrl+Alt+Del da Ctrl+Alt+F2 ke tafiya can cikin VM maimakon kwamfutarka ta cafke su. A layin intanet mai jan ƙafa, na lura maimaituwar harafi, irin root ta fito rrroot, ta ragu ƙwarai.

Yanzu baƙin allo. Na farko, danna Shift, wataƙila barci kawai allon ya yi. In saƙon QEMU ne ke cewa baƙo bai tayar da allo ba tukuna kuma ya ƙi gushewa, to VM ba ta kai ga kunna katin hoto ba, babu manhajar kallo da za ta nuna abin da ba a zana ba. Sau tari kuma VM lafiyarta ƙalau, magana take ta wata ƙofar: yawancin kwafin Linux da aka shirya don sabobin girgije ta tashar siriyal ttyS0 suke zuba bayanansu. A nan virsh console, umarnin da ke haɗa ka da wannan tashar, ce abokiyar tafiya, ana fita daga cikinta da Ctrl+]. Idan kuma rubutun farko ya fito sannan allo ya mutu daidai lokacin da direban hoto ya karɓi aiki, ƙara nomodeset a layin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, yakan ba ka damar shiga ka gyara. Ni dai kowace VM marar tebur ina sa mata console=ttyS0,115200 tun ranar farko, kuma a irinsu ba na ganin amfanin wahalar SPICE ko kaɗan.

Wahalar kuwa akwai ta. Burauza tana kowace kwamfuta, remote-viewer sai an girka. Ƙofar SPICE (port), wadda lambarta ke farawa daga 5900 kamar ta VNC, bai kamata a bar ta a buɗe ga duniya ba, sai ka haƙa mata rami ta SSH ko ka bi ta virt-manager da adireshin qemu+ssh. Babban abin dubawa shi ne makomarta. Kamfanin Qumranet ne ya ƙirƙiri SPICE, shi ne kuma ya kawo KVM. Red Hat ta saye shi a 2008, ta saki lambobin SPICE ga kowa a 2009, amma RHEL 9, Linux ɗin Red Hat da ya fito a 2022, ba ya ɗauke da ita. A Debian, Ubuntu da Proxmox VE tana nan tana aiki. Kafin ka ɓata lokaci kana girke-girke, buga virsh domcapabilities a kan sabar, ka duba sashen graphics ko sunan spice yana cikin jerin.