Liriope muscari ko Liriope spicata: wanne ya dace da ƙarƙashin bishiya, wanne da bakin hanya?

Ɗan'uwa, ka ce kana da wurare biyu da kake son rufewa da shukar da ba ta zubar da ganye kuma ba ta neman kulawa kullum. Na farko fili ne a ƙarƙashin manyan bishiyoyi inda ciyawar ado ta ƙi kamawa, na biyu kuma siririn layi ne tsakanin hanyar shiga gida da fangalin furanni. An ba ka shawarar liriope, sai ka tarar da iri biyu, muscari da spicata, waɗanda a ido ba ka ga wani bambanci tsakaninsu ba, shi ya sa kake tambaya ko duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma babban abin da ya raba su yana ƙarƙashin ƙasa, inda mai saye ba ya dubawa.

Dukansu 'yan asalin gabashin Asiya ne, ana samunsu a Sin da Japan da Koriya, kuma ko da yake ganyensu ya yi kama da na ciyawa, ba dangin ciyawa ba ne. Dukansu suna jure inuwa da rana, suna jure gogayya da saiwar bishiya, kuma saiwarsu tana da ƙananan ƙulli masu ajiye ruwa, wanda shi ne dalilin da ya sa fari ba ya saurin kashe su bayan sun kama ƙasa. A nan kamarsu ta tsaya.

Muscari tana girma ne a dunƙule. Inda ka dasa ta, nan za ka same ta bayan shekaru, sai dai gindin ya ƙara faɗi sannu a hankali. Tsayinta yakan kai santimita 30 zuwa 45, ganyenta ya fi faɗi da kauri, furenta kuma mai launin shuɗi da ya sirka da ja yana fitowa a kan tsinke wanda yakan ɗago har a gan shi sarai, a ƙarshen lokacin zafi, daga baya ya bar baƙaƙen 'ya'ya masu ƙyalli. Spicata kuwa ta fi gajarta, kimanin santimita 20 zuwa 30, ganyenta siriri ne, furenta ya fi kodewa, wani lokaci har ya kusa fari, kuma yawanci yana ɓuya a cikin ganye. Ita ba ta zama wuri ɗaya. Tana tura jijiyoyi a kwance a ƙarƙashin ƙasa, kowace jijiya ta fito da sabon tsiro a gaba, har sai ta haɗe fili ya zama shimfiɗa guda.

Wannan tafiyar ita ce amfaninta, ita ce kuma haɗarinta. A ƙarƙashin bishiyoyinka, inda kake son ƙasa ta rufu gaba ɗaya ciyawar banza ta rasa inda za ta tsiro, spicata za ta yi aikin da sauri fiye da muscari, kuma idan wurin gangare ne, saƙar jijiyoyinta tana riƙe ƙasa daga zaizayar ruwan sama. Amma idan ka kai ta layin da ke gefen fangalin furanni, za ta kutsa cikin fangalin, ta shiga tsakanin saiwar sauran shuke-shuke, kuma daga lokacin babu yadda za ka cire ta ba tare da ka tono su tare ba. Halinta a nan irin na tofa ne: guntun jijiyar da ya saura a ƙasa zai sake tsirowa. A kudu maso gabashin Amurka, inda aka daɗe ana shuka ta, ta tsallake lambuna ta shiga dazuzzuka a wasu wurare, har aka sanya ta cikin tsirrai masu mamaye wuri. Abin yana damuna idan na ji ana tallata ta da cewa ba ta buƙatar aiki, domin gaskiyar maganar ta dogara ne ga ko wurin yana da iyaka mai ƙarfi, kamar daɓen siminti, katanga ko kwalta. Siririyar roba da ake kafawa a bakin fangali ba abin dogaro ba ce, jijiyar tana iya bi ta ƙarƙashinta.

Saboda haka, ga bakin hanya muscari ce zaɓina ba tare da wani kokwanto ba. Layinta yana tsayawa a miƙe, furenta yana bayyana ga mai wucewa, kuma akwai nau'o'i da dama da aka fitar daga cikinta: Big Blue mai koren ganye, Variegata mai ratsin rawaya a gefen ganye, da Monroe White mai farin fure, wadda ta fi son inuwa. Ga ƙarƙashin bishiya kuwa, sai ka fara duba abin da ke kewaye da filin. Idan siminti ko gini ya zagaye shi, dasa spicata. Idan ya haɗu da fangali, da filin ciyawa, ko da gonar maƙwabci, gara ka yi haƙuri da jinkirin muscari, ka matso da tazarar dashen. Tazarar santimita 30 tsakanin tushe da tushe tana cin kimanin tushe 11 a kowane murabba'in mita, kuma har sai ganyen ya haɗe dole ka riƙa cire ciyawa a tsakani, ko ka rufe gurbin da busassun ganye ko ɓawon itace.

Akwai ta uku da ake yawan rikita ta da waɗannan biyun, wato mondo, mai suna Ophiopogon japonicus. Ganyenta ya fi siranta da duhu, 'ya'yanta shuɗi ne, tana yaɗuwa a hankali, kuma ba ta jure zafin rana kamar liriope. Ta dace da ƙaramin wuri mai inuwa sosai, amma ga fili mai faɗi jiran zai yi tsawo.

Ta fuskar kulawa, muscari da spicata kusan buƙatarsu ɗaya ce, kuma abin da ya fi kashe su shi ne yawan ruwa, ba ƙarancinsa ba. A ƙasa mai laka wadda ruwa ke kwanciya, ƙwayar cutar da ake kira Phytophthora tana ruɓar da gindin: ganye ya fara rawaya daga ƙasa, ya koma ruwan ƙasa, in ka ja shi ya tsinko cikin sauƙi. Tushen da ya kamu, cire shi ake yi a zubar. Maganin tun wajen dashe yake, wato kada ka binne wuyan shukar, inda ganye ya haɗu da saiwa, ka bar shi daidai da fuskar ƙasa. A shekarar farko ka riƙa ba ta ruwa a kai a kai har saiwa ta kama, bayan haka sai lokacin da fari ya tsananta. Ban ruwa daga sama da yamma yana barin ganye a jiƙe har dare, wanda ke jawo wata cuta mai sa jajayen tabo a gefe da bakin ganye. Dodon koɗi ma yakan ci ganyen a wuri mai danshi, amma da wuya ya yi ɓarna mai yawa.

Aiki ɗaya ne ke da lokaci ƙayyadadde. Duk da cewa ganyen yana zama kore duk shekara, tsohon ganye yana yagewa ya dusashe, musamman inda hunturu ke da tsanani. A ƙarshen lokacin sanyi, kafin sabon toho ya fito, ana aske shi a bar kamar santimita 7 zuwa 8. Ka buɗa tsakiyar gindin ka duba tukuna, domin idan toho ya riga ya ɗago ka yanke masa kai, ganyen zai girma da guntun baki mai launin ƙasa har shekara ta zagayo. A nan spicata ta fi sauƙi, tunda shimfiɗe take, ana iya bi ta kanta da injin yankan ciyawa da aka ɗaga wuƙarsa sama, alhali layin muscari ya fi kyau da almakashin lambu. Inda babu sanyi sosai, ana iya tsallake askin wata shekarar a tsince matattun ganye kawai. Ka kuma sani cewa babu wadda ke jure tattaki a cikinsu, don haka idan mutane suna ratsa ƙarƙashin bishiyoyin, ka jera duwatsun takawa tun kafin dashe.

Sunan da ke jikin tukunya ba kullum yake daidai ba, domin ana yawan cakuɗa nau'o'in a wuraren renon shuka. Kafin ka ɗauka, ka nemi a zare maka shukar daga tukunyarta. Idan ka ga fararen jijiyoyi masu tsini suna zagaye gefen ƙasar, ko ƙananan tsirrai suna fitowa nesa da uwar gindin ko ta ramukan ƙasan tukunya, mai tafiya ce, ko me aka rubuta a jikinta, kuma kada ta je kusa da fangalin furanninka.