Ƙarfen durowa a hannun mutum-mutuminmu: abin da na gani cikin wata huɗu

Dokar FIRST Tech Challenge, gasar ƙera mutum-mutumi ta ɗaliban makaranta, ba ta da sassauci: kafin a fara wasa, dole mutum-mutumi ya shige cikin akwati mai inci 18 ta kowace fuska. Mu kuma muna son hannunsa ya miƙe sama ya wuce mita ɗaya. Kayan da ake yi musamman don wannan aiki sai an yi odarsu da dala, aljihun makarantarmu kuwa bai kai can ba. Shi ya sa na shiga kasuwa a nan Katsina, wajen masu kayan kafintoci, na sayi ƙarfen nan da durowa ke zamewa a kai, mai ƙananan boris, inci 16, guda shida. Muka jera uku-uku hagu da dama, igiya da fuli suna ja.

Makon farko kamar a mafarki, sumul. Da hunturu ya kankama sai labari ya sha bamban. Giris ɗin da aka cika masa tun daga kamfani ya kwashi ƙura ya zama kamar ƙullun tuwo, moton da ke ɗaga hannun na gurnani, hannu na hawa da ƙyar. Muka wanke shi tas da kananzir da tsohon buroshin haƙori, muka ɗiga mai kaɗan na keken ɗinki. Nan take ya dawo hayyacinsa. Yanzu duk Asabar sai mun maimaita.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lilo. An yi ƙarfen nan ne ya kwanta cikin kabad, ba ya tsaya a tsaye ba. Idan ya miƙe gaba ɗaya, ƙarshensa rawa yake kamar karan dawa a iska. Wata ɗalibata ce ta ce, "Malam, me zai hana mu hana shi kaiwa ƙarshe?" Muka rage wa kowane hawa inci biyu, muka haɗa ɓangarorin biyu da guntun alminiyom. Tsawo ya ragu, amma rawar ta kwanta. Hakan ya kuma ceci ɗan makarin da ke bakinsa, wanda tun farko ya lanƙwashe sau ɗaya, boris suka watse a ƙasan aji muna tsinta.

Nauyi fa akwai shi, ƙarfe ne ba wasa ba. Sai da muka mayar da batir can ƙasa don kada mutum-mutumin ya kife. Matsalar igiya kuwa ba laifin ƙarfen ba ne, tamu ce ta nailan mai talewa.

Ga mai koyo, na ba ƙarfen nan maki bakwai cikin goma. Ka dai saya da rara guda biyu, ka kuma zuge kowanne da hannunka a gaban mai shago, don a cikin shidan nan ɗaya a karkace ya zo.