Babur mai caji da na saya a Garwa

Wata 3 ke nan ina hawan ƙaramin babur mai caji, irin wanda ake tsayawa a kansa, da na saya kusa da babbar kasuwar Garwa, a ƙasar Kamaru. Ba ya shan mai, amma tayoyinsa ƙanana ne, har wani ramin da baburan haya ke tsallakewa ya kayar da ni, na kuje gwiwa. Batirinsa yana ɗaukar zafi sosai a watan Afrilu, shi ya sa ba na barinsa ya kwana a caji, don gudun gobara.

Abin da ya fi damuna shi ne mai shagon da ya sayar mini bai ambaci hular kwano ko wata dokar hawan babur ɗin ba, alhali a Faransa doka ta ƙayyade gudun irin wannan babur a kilomita 25 cikin awa, ta kuma hana yaron da bai kai shekara 14 ba hawansa.