Ajin koyon shari'a na WhatsApp da na biya kuɗi na shiga

Mutum uku kenan suna tambayata wai ajin nan da wani barista a nan Katsina yake yi ta WhatsApp ya cancanci kuɗinsa ko a'a, to bari in amsa gaba ɗaya in huta. Sunansa dai ba zan kama ba. Naira dubu uku ne a wata, yana turo murya daren Talata da daren Asabar, in ya gama sai ya buɗe gurup a yi tambayoyi. Wata biyu na yi ciki.

Ni abin da ya kai ni rigimar haya ce ta shago, ina son in san haƙƙina kafin in je in zuba ma lauya kuɗi. Wannan kam na samu, ya yi bayanin takardar notis da yadda ake shigar da ƙara, kuma da Hausa tsantsa yake yi, ba irin masu jefa maka Turanci don ka ji tsoronsu ba.

Amma darasin da ya sa na ce kuɗina bai faɗi ƙasa ba wani ne daban. Wani ɗan gurup ya tambaya wai me ya sa Abuja ba ta da gwamna, maimakon barista ya amsa kai tsaye sai ya ɗauke mu ya kai mu Washinton, babban birnin Amurka. Na ce yau kuma ina muka nufa. Ashe da dalili.

Ya ce birnin ba jiha ba ne, yana da magajin gari da majalisar kansiloli 13 bisa wata doka ta 1973, amma duk dokar da suka yi sai ta je gaban majalisar tarayyar Amurka ta yi wasu kwanaki, in ta hukunta laifi ce kwana 60, kuma tarayya na iya soke ta. To a Nuwamba 2022 kansilolin suka yi ma kundin laifukansu garambawul, kundin da tushensa tun 1901 ne, suka cire mafi yawan hukunce-hukuncen nan da ke ɗaure hannun alƙali a kan mafi ƙarancin shekarun da zai yanke, suka kuma rage mafi tsawon ɗaurin ƙwacen mota da makami daga shekara 40 zuwa 24. Magajiyar garin, Muriel Bowser, ta ƙi sa hannu, su kuma suka tsallake ta da ƙuri'a 12 da 1. Daga nan tarayya ta shigo, majalisar wakilai ta yi watsi da dokar, dattawa suka bi da 81 da 14, Shugaba Biden da jam'iyyarsa ke ta cewa a mai da birnin jiha shi ne ya sa hannu a Maris 2023 aka binne ta. Kafin nan, rabon da a yi ma birnin haka tun 1991.

Wallahi gurup ya kama da wuta a daren nan. Wani Alhaji ya turo murya yana cewa ranka ya daɗe barista ai gaskiyar tarayya ce, ɓarawon mota da bindiga ka ce za ka rage mashi, mu da muka san abin da 'yan bindiga suka yi ma Batsari da Jibiya ba mai gaya mana daɗin sassauci. Barista ya ce Alhaji Allah ya ƙara girma, masu goyon bayan gyaran cewa suke ko 24 ɗin ta fi abin da alƙalai suka saba yankewa, sannan tambayar ita ce wa ke da hurumin yanke shawara. Ya tuna mana 2019 da gwamnatin Masari ta sa hukuncin kisa a kan satar mutane da satar shanu, majalisarmu ta jiha ce ta yi, ya ce da Abuja ta aiko ta ce ta soke fa? Alhaji ya yi shiru na ɗan lokaci, sai ya dawo ya ce ai wannan daban. Ni dai na karkata wajen barista, mutanen Washinton da wakiliyarsu a majalisar tarayya ko ƙuri'a ba ta da ita wajen zartar da doka a zo a rushe masu aikin da zaɓaɓɓunsu suka yi, abin bai kwanta mani ba, ko da kuwa ni ma shekara 24 ɗin ta yi mani kaɗan.

To ga inda ya gaza. Ya cinye kusan minti arba'in a Amurka, da ya dawo Abuja minti biyar ya ba ta: sashe na 299 na tsarin mulki ya ba majalisar tarayya ikon yi mata doka, minista ke riƙe da ita, sanata ɗaya, 'yan majalisar wakilai biyu, ƙananan hukumomi shida, shi kenan sai da safe. Alhali tambayar asali kenan! Na sake tambaya washegari bai amsa ba har yau.

Sai kuma muryoyin, malam tsawo gare su kamar hanyar Funtuwa, ɗaya sai ta kai minti ashirin kuma janareta na kuka a bayansa, in kana son komawa kan wata magana sai ka yi ta laluben wurin. Na roƙe shi ya riƙa rubuta taƙaitawa ko layi biyar ne, ya ce in sha Allahu, muna nan muna jira. Gurup ɗin ma ba mai tsawatawa, ana tsakar darasi sai ka ga an turo tallan atamfa.

Zan sake biya na wata ɗaya saboda ya ce darasin rabon gado zai ɗauka gaba. In za ka shiga ka tanadi data da iyafis, kuma ka kashe ƙarar gurup ɗin kafin ka kwanta.