Sharhi kan kardan ɗin gaba na kasuwa a Land Cruiser 79, bayan damina ɗaya da rani ɗaya

Kardan ɗin da nake magana a kai sabo ne a kwali, amma ba na kamfanin Toyota ba ne. Irin wanda masu kayan gyara ke shigowa da shi ne, sunan jikin kwalin yau daban gobe daban, shi ya sa ba zan kama suna ba. An ɗaura shi a Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, motar kaya da ke zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Dakoro, wani lokaci har Bermo inda rairayi ke cin taya. Hukuncina a taƙaice: bututun da haƙoransa sun yi, kuros ɗinsa matsakaita ne, notin da giris ɗin da ya zo da su kuwa ba abin dogaro ba ne. Kuɗinsa bai kai rabin na kamfani ba.

Mu nan kardan muke cewa, mutanen Katsina da Kano su ce farfela. Shi ne bututun ƙarfen da ke ɗauko ƙarfi daga taransifa, wato ƙaramin akwatin giyar da ke raba aiki tsakanin gaba da baya, ya kai shi fon ɗin gaba, wato kaskon da ke raba ƙarfi ga tayoyin gaba biyu. Kowane bakinsa akwai kuros, masu Faransanci su ce kurwaziyon: ƙarfe mai hannu huɗu, kowane hannu da ƙoƙonsa cike da ƙananan allurai. A gefe ɗaya kuma akwai wurin da yake shiga yana fita a kan haƙora, don tsawonsa ya riƙa canzawa idan sifirin ya lotsa ko ya miƙe. Iyakar abin ke nan. Sai dai ana yawan ɗora masa laifin da ba nasa ba, ana kuma ƙyale shi ranar da laifin nasa ne.

Direba zai zo gareji ya ce, "Maigida, gaban motar nan rawa yake yi." Kafin a taɓa sifana, a tambaye shi a wace giya, kuma makullan cibiyar tayar gaba suna Free (a sake) ne ko Lock (a kulle). A 79, idan taransifa tana H2, wato tayoyin baya kaɗai ke ja, kuma makullan suna Free, kardan ɗin gaba ba ya juyawa sam, kwance yake kamar sanda. Duk rawar da aka ji a wannan hali a nemi dalilinta wani wuri: taya, boris ɗin ƙafa, kardan ɗin baya. Na ga an sayi sabon kardan saboda taya mai ƙulu, kuɗi suka tafi, rawa tana nan.

Gwajin da ke raba gardama mataki uku ne, kuma ba ya cin ko dala. A fara da Free da H2, a hau kwalta, a lura. Sai a murɗa makullai biyun zuwa Lock a bar taransifa a H2: yanzu tayoyi ne ke juya kardan ɗin, ba kaya a kansa. In ya lanƙwashe ko ƙarafunan daidaita nauyinsa sun faɗi, nan zai fara gurnani a ƙarƙashin ƙafar direba, yana ƙaruwa da gudu. Na uku, a sauka kan burji ko rairayi a sa H4, wato tayoyi huɗu su ja, a taka totur a saki, a taka a saki. Kuros mai wasa zai ba da "ƙwal" ɗaya duk lokacin da nauyi ya juya, haka ma in an tashi daga giyar gaba zuwa ribas. Kada a yi wannan mataki na uku a kan kwalta. Motar ba ta da difiransha ta tsakiya, abin da ke raba gudun gaba da na baya, idan ƙasa ba ta santsi ƙarafa ne ke murɗewa, sai giyar ta ƙi fita. Ga masu Prado da sauran katkat da ƙafa huɗunsu ke aiki kullum, wannan gwaji ba ya yiwuwa. Su sai a cire kardan ɗin gaba gaba ɗaya, a kulle difiransha ta tsakiya, a ɗan zaga a ji ko rawar ta ɗauke.

Kunne ma yana da aiki. Tayar 7.50R16 tana juyi kusan 400 a minti idan ana gudun kilomita 60 a awa, kardan kuwa ya ninka wannan fiye da sau huɗu, wajen 1,700. Saboda haka rawar taya girgiza ce mai kaɗa sitiyari, ana iya ƙirga ta, ta kardan kuwa zuga ce mai laushi da ke sa madubi ya dushe, kujera ta riƙa tsuma. Idan ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" ce da ke fitowa sai an murɗe sitiyari har ƙarshe a H4, ba kardan ba ne, mahaɗar da ke cikin gwiwar tayar gaba ce. Kukan boris ɗin ƙafa kuma yana canzawa idan an karkata hagu ko dama, na kardan bai damu da kwana ba.

Daga nan sai a shiga ƙarƙashi. A tare tayoyi da duwatsu gaba da baya, a ja birkin hannu, makullai a Free. A riƙe bututun da hannu ɗaya, faifan da ke ɗaure da fon da ɗaya hannun, a murɗa su saɓanin juna. Kowane motsi da ido ya gani a cikin kuros ya yi yawa, domin abin da littafin gyaran Toyota ya yarda da shi bai kai milimita 0.05 ba. A duba bakin ƙoƙunan: jan gari kamar na tsatsa alama ce alluran sun bushe suna niƙa kansu. A girgiza wurin haƙora sama da ƙasa. A kuma girgiza faifan fon da na taransifa su kaɗai, don in su ke wasa, boris ɗin ciki ne ko notin tsakiya ya saki, kuma sabon kardan ba zai yi maganin wannan ba.

Inda ake yawan faɗawa shi ne kuros da ya ƙage. Shi ba ya wasa ko kaɗan, a mota za ka rantse lafiyarsa lau. Sai an sauke kardan an lanƙwasa kowane baki da hannu ta fuska biyu: mai lafiya yana tafiya sumul, wanda ya ƙage yana tsayawa a wani wuri ya ƙwace. Tsohon kardan ɗin wannan mota haka ya yi a bakin fon. Da aka zare ƙoƙon, alluran sun zama gari mai ruwan ƙasa, hannun kuros ɗin ya yi tsagi-tsagi kamar an yi masa zane da ƙusa.

Da iyakar matsalar ke nan, kuros biyu za a saya a huta, kuma shi ne shawarata ga duk wanda bututunsa ke miƙe: tsohon kardan na kamfani da sababbin kuros masu kyau ya fi sabon na kasuwa. Abin da ya tilasta sayen sukutum shi ne haƙoran sun cinye har ana jin ƙwanƙwasarsu, ga kuma loɓawa a jikin bututun inda dutse ko kututture ya buge shi. Iyakar karkatar da littafin ya amince da ita milimita 0.8 ce. Masu walda za su ce a kawo su gasa su miƙar, kuma zai miƙe a ido, amma abin da ke juyi 1,700 a minti ba a daidaita shi da ido. Na hannu da ake kawowa daga waje kuma sa'a ce. Wani garau, wani an wanke shi ne kawai an shafa baƙin fenti.

A tafi shago da tsohon a hannu. Ramukan noti huɗun faifan ba tazararsu ɗaya ba tsakanin samfurori, haka ma ɗan tudun tsakiya da ke zama cikin faifan fon. A auna tsawo a tsuke da kuma a miƙe. Idan an ƙara wa mota ganyen sifirin ko an ɗaga ta, a tabbata idan tana tsaye haƙoran suna da sauran wurin shiga da na fita. Kardan da ya ƙure a tsuke duk rami sai ya daki taransifa. Wannan da muka saya ya dace ta nan, faifan ya zauna daram ba tare da an doke shi ba, ɗinkin waldarsa a miƙe, ƴan ƙarafunan daidaita nauyi biyu manne a jikinsa. Wannan na ƙarshe ya sa na amince da shi, don akwai na kasuwa da ke zuwa babu ko ɗaya.

Aikin ɗaurawa bai kai awa guda ba in noti bai gardama ba. Noti huɗu a kowane baki, sifana lamba 14 guda biyu, kuma a yi amfani da mai zobe, mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti. Idan tsohon za a mayar, a sa alamar fenti a faifai da faifai kafin a kwance, a kuma sa wata a wurin haƙora. Gwafannin baki biyun suna da yadda aka jera su tun daga kamfani, in aka zare aka mayar da kuskuren haƙori ɗaya ko biyu, rawa za ta dawo ko da komai sabo ne. A lura da bakin da haƙoran ke fuskanta a mayar da sabon haka. A kankare tsatsa da busasshiyar laka daga fuskar faifan har ƙarfe ya fito, domin ɗan tsakuwa ɗaya a tsakani ya isa ya karkatar da kardan. A duba robar tare mai ta fon da ta taransifa tun wurin yana buɗe. A ɗaura notin duka da hannu tukuna, sannan a ƙulle su a gicciye da sifana mai awo. A Land Cruiser awon yana tsakanin niyuton-mita 74 da 88 gwargwadon samfuri.

A nan ne aibin farko ya bayyana. Notin da suka zo cikin leda tare da shi ƙarfensu taushi ne, na biyu da aka ja zarensa ya tafi tun bai kai awo ba. An zubar da su duka an mayar da na asali. Waɗannan ba noti ne na kowa-da-kowa ba, suna da wuya marar zare da ke cike ramin faifai, kuma kardan ɗin gaba da ya kwance a guje yana iya fasa akwatin giya ko ya soki ƙasa. Kada yaron gareji ya ɗebo na cikin gwangwani.

Aibi na biyu giris. An shafa ɗan abin da zai hana tsatsa a hanya ne kawai, ƙoƙunan kusan a bushe suke. Wanda ya ɗaura ya tafi bai dura ba, wata biyu ya yi yawa. Nonon giris uku ne: ɗaya a kowane kuros, ɗaya a haƙora. Na kuros a dura har sabon giris ya ɓullo ta bakin ƙoƙo huɗun duka. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan ɗayan shi zai mutu. Haka ta faru a bakin taransifa, sai da aka sauke aka ɗan bubbuga gwafar aka sake durawa sannan hanya ta buɗe. Na haƙora kuwa akasin haka ne: bugu uku ko huɗu, da an ga kardan ya fara miƙewa a tsaya. In aka cika shi maƙil, giris ba ya matsuwa, kardan ya zama sanda, boris ɗin taransifa ya sha duka. Giris mai lamba NLGI 2 ake so, na haƙora in an samu baƙin nan mai moli ya fi. Wani ƙaramin abin haushi: nonon kuros ɗaya an dasa shi a kwanar da bakin famfo ba ya kama shi sai an juya kardan zuwa wuri ɗaya tak. An canza shi da mai lanƙwasa.

Bayan wannan gyare-gyare, aikinsa bai ba da kunya ba. A Lock da H2 kan kwaltar Tibiri zuwa Gidan Rumji babu zuga har kilomita 80 a awa. A rairayin arewacin Dakoro, cikin L4, giyar ƙarfi ta ƙafa huɗu, da kaya, babu ƙwal babu ƙara. Fentinsa ya kware tun watan farko, tsatsa ta hau bututun, wannan ado ne kawai. Abin da ya fi damuna robobin bakin ƙoƙo: sirara ne, kuma bayan damina, da ratsa ƙoramu da lakar fadamar Gulbin Maraɗi, giris ɗin da ya fara fitowa daga kuros na bakin fon fari-fari ne, alamar ruwa ya shiga. Shi ne mafi kusa da ƙasa, shi ke fara nutsewa. Tun daga nan ƙa'idar ta zama giris a duk canjin mai, kilomita 5,000, da kuma washegarin duk ranar da ruwa ya kai cibiyar taya. Da rani kuma, lokacin da mota ke wata da watanni a Free, a riƙa sa Lock ana tafiyar kilomita 16 a wata kamar yadda littafin motar ya ce, don kayan gaba su juya mai ya zaga.

A ƙarshen rani kuros na bakin fon ya fara ɗan motsi da yatsa ke ji, ido bai gani ba tukuna. Na bakin taransifa da haƙoran suna nan ƙam. Sa'ar da aka yi, kuros ɗinsa masu zoben makulli ne, ana cire su, kuma girmansu ɗaya da na asali. Akwai na kasuwa da ake dunƙule bakin ƙoƙonsu da matsi, waɗannan in kuros ya mutu kardan ya mutu. A duba wannan tun a shago. Kafin ruwan bana za a sa masa kuros na kamfani a bakin fon, da zobba masu kauri ɗaya hagu da dama don ya zauna a tsakiya.