Rufin jirgin haɗin gida: mai zamewa ko mai ɗagawa?

Wanda zai yo odar ƙaramin jirgin sama irin wanda ake haɗawa da hannu, kamar RV-7 ko RV-9 na kamfanin Van's da ke Oregon a Amurka, sai ya yanke shawara kan rufin ɗakin matuƙi tun lokacin sayen gangar jirgin, don kowane rufi da irin ƙirar jikinsa. Iri biyu ne: mai zamewa baya a kan layin ƙarfe, da wanda ke maƙale ta gaba ana ɗaga bayansa sama kamar murfin akwati. RV-8 mai zamewa kaɗai yake zuwa da shi, RV-14 kuma mai ɗagawa.

Mai ɗagawa ya fi daɗin kallo. Roba ce guda ɗaya garai-garai, babu ƙarfe a gaban ido, don sandar da ke kare kai idan jirgi ya kife tana bayan kujera. In ka buɗe shi kuma hannunka na kaiwa ga wayoyin da ke bayan agogunan jirgin. A mai zamewa sai ka kwanta rigingine a ƙarƙashin agogunan, ƙafafu a sama, tocila a baki. Aibin mai ɗagawa, da damina ruwa kan sulale ta mahaɗar gaba ya ɗiga kan na'urori, kuma guguwar farkon damina ba ta wasa da rufin da aka bari a ɗage.

Amma mu a Maraɗi rana ce ke yanke hukunci. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, mutum na zaune cikin kwanon roba yana jiran izinin tashi, gumi na tsiyaya har cikin ido. Mai zamewa kana iya tura shi baya kana gangarawa kan titin jirgi, iskar farfela na kaɗa ka, sai dab da tashi ka ja ka kulle. Mai ɗagawa ɗan tsagi kawai za ka bari. Ni dai wannan kaɗai ya ishe ni hujjar zaɓen mai zamewa.

Sai dai mai zamewa yana cin aiki. Dole a raba robar gida biyu, gaba ta zama gilashin da ba ya motsi, baya ta hau firam na ƙarfe, sannan a yi wa gindin gilashin gaba kwalliyar faiba. Firam ɗin sai an yi ta lanƙwasa shi kaɗan-kaɗan kafin ya zauna daidai da jiki. Kada a kusanto da zarto, faifan yanka ake sawa, kuma a yi yankan lokacin da gari ke da zafi. Robar kan tsage da sanyi, don haka safiyar hunturu ba lokacinsa ba ne. A nan zafinmu ya yi rana. Ramukan kusoshi a buɗa su fiye da kaurin kusar, saboda roba ta fi ƙarfe miƙewa idan ta sha rana. Wasu ma sun bar huji gaba ɗaya, suna liƙawa da gam irin Sikaflex.

Ƙura kuwa, ita ce kishiyar mai zamewa. Tana taruwa a layin da ƙananan tayoyin ke bi, in aka lafta giris sai ta zama taɓo mai cin ƙarfe. A riƙa share layin, kuma kada a goge robar da busasshen tsumma, a fara zuba ruwa tukuna. Tun wajen odar a haɗa da rigar rufi da labulen kare rana.