Gargaɗi ga masu neman kokatil a Maraɗi: kada ku tura kafin alƙalami

Assalamu alaikum jama'ar Maraɗi da kewaye. Akwai wani mutum da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp da shafukan saye da sayarwa na Facebook yana tallar kokatil, tsuntsun nan mai tukku da ɗigon ruwan goro a kumatu, wanda masu Faransanci ke kira kalofsit. Ba shi da shago, ba shi da keji, ba wanda ya taɓa ganin fuskarsa. Ni mai kiwon kanari ne da tantabaru, kokatil daga baya na shigo da su gidana, shi ya sa waɗanda ya cuta suke kawo mini wayoyinsu in duba. Saƙonnin iri ɗaya ne, lamba da suna kawai yake sauyawa.

Da bidiyo yake farawa: tsuntsu fari tas mai rawayan kai, zaune a kafaɗar yaro yana fito. Sai ya rubuta cewa kaya ne sabo daga Ostareliya, sun sauka Kano, saura biyu kacal, kuma namijin, ɗan wata biyu, har sallama yana yi. Wata Hajiya a Ali Ɗan Sofo ta so ta saya wa autanta da ya ci jarrabawar BEPC. Ya ce mata, “Hajiya, ranki ya daɗe, don yaro ne na bar miki a jaka 30, ki ba da rabi in cire shi daga talla.” Ta tura jaka 15. Washegari kuɗin mota. Jibi ya kira a rikice, wai an tsare tsuntsun a iyaka wajen Ɗan Isa, sai an biya takardar CITES, wato izinin ƙetara iyaka da namun daji, in ba haka ba rana za ta kashe shi kuma alhakin yana kanta. Ta sake turawa, don tausayin ran da aka ce yana cikin kwali. Daga nan waya ta daina shiga. Babu tsuntsu a Ɗan Isa, babu wanda ya tsare komai.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne duk maganganunsa ba sa tsayawa a gaban wanda ya san tsuntsun ko kaɗan, shi ya sa masu sayen farko yake farauta. Gaskiya ne asalin kokatil Ostareliya ne, daga busassun yankunan tsakiyar ƙasar. To amma Ostareliya ta hana fitar da tsuntsayenta na daji tun wajen 1960. Duk kokatil da ke kejin duniya yau a keji aka ƙyanƙyashe shi, uwa da kaka. Farin nan ma mai jan ido da yake nunawa, wanda ake ce wa lutino, a wurin masu kiwo a Amurka ya fara fitowa a 1958. Na daji ruwan toka ne. Wanda ya ce maka ya ɗauko farin kokatil daga dajin Ostareliya ya yi ƙarya biyu a jimla ɗaya.

Batun takarda kuwa, CITES yarjejeniya ce ta duniya kan cinikin namun daji, kuma da gaske ta shafi kusan dukkan dangin aku. Akun nan namu mai jan wutsiya an ɗaga shi zuwa jerin da ya fi tsanani a 2016, shi ya sa mutane suka saba jin ana maganar takarda. Kokatil yana cikin ƴan ƙalilan da yarjejeniyar ba ta sa a jerinta ba, shi da tsirya mai zobe a wuya da muke gani a dajinmu. Abin da za a iya tambaya a iyaka shi ne shaidar lafiya ta likitan dabbobi, saboda murar tsuntsaye, wannan kuma aikin mai kaya ne, a cikin farashi yake sa shi tun farko. Ba ya tasowa da tsakar rana bayan kuɗinka sun tafi.

Sai maganar “namiji mai sallama ɗan wata biyu”. Ƴaƴan kokatil masu ruwan toka duk kamannin mace gare su har sai sun sauya gashin farko, tsakanin wata 6 zuwa 9. A lokacin fuskar namiji take zama rawaya sosai, rodi-rodin ƙarƙashin wutsiya ya ɓace, ita kuwa mace ta ci gaba da nata. Kafin nan ko mai kiwo hasashe yake yi. Kuma kokatil gwanin fito ne, musamman namiji. Wani yakan kama kalma biyu ko uku cikin shaƙaƙƙiyar murya, mafi yawansu har su tsufa ba su ce uffan ba. Mai neman tsuntsun da zai amsa wa baƙi sallama a zaure ya sani tun yanzu ba wannan ba ne.

Akwai wata damfarar da ta fi wannan muni a wurina, domin a nan rai ne ke salwanta. Wani lokaci tsuntsun yana isowa da gaske, a kwalin taliya, a saman mota, cikin zafin watan Afrilu da ya haura digiri 40. Ka buɗe ka tarar da ɗan tsako da bai gama gashi ba. Sai a ce maka ai ƙarami ya fi, zai saba da kai, ka riƙa ɗura masa koko da sirinji. Kokatil yana kwanci kwana 18 zuwa 21, ɗan yana barin sheƙa yana da kamar mako 5, amma ba ya tsayawa da cin kansa sai wajen mako 8 zuwa 10. Ɗura aiki ne na wanda ya koya. Abincin ya yi zafi, ya ƙone masa jakar abincin da ke wuyansa. Ya yi sanyi, ya tsaya a can ya yi tsami. Hannu ya kuskure kaɗan, ya bi hanyar numfashi, shi ke nan. Koko kuma ba ya ɗauke da abin da zai gina jikin tsako. Bayan kwana kaɗan yaro ya tashi da safe ya tarar da gawa, mai sayarwa ya ce ku ne ba ku iya ba, ya kuma yi tayin wani da rangwame.

Haka nan a yi hattara da kalmar “ya saba da mutane”. Wanda ya saba yana da kuzari, tukkunsa na tashi yana sauka, ido a buɗe, yana taka yatsa da kansa. Wanda ya kumbura gashi ya lafe a ƙasan keji, ido a lumshe, wutsiya na lilo da kowane numfashi, hanci da danshi, kashi ya manne masa a gindi, wannan ciwo ne ya kwantar da shi. Ka shafa ƙirjinsa: in ƙashin ya fito da kaifi, ya rame. Dangin aku suna da wata cuta da ke kama mutum ta ƙurar busasshen kashinsu, ta zo da zazzaɓi da tari, don haka gida mai tsofaffi ko mai juna biyu ba wurin gwaji ba ne.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da ƙafarka, ko ka aiki wanda ya san tsuntsu. Ka ga iyayen, ka tsaya har ka ga ɗan yana ɓare gero da bakinsa. In nesa ne, ka kira shi ta bidiyo kai tsaye, ka ce ya ɗora tsuntsun a yatsa ya ambaci sunanka. Mutumin nan a nan yake cewa intanet ba kyau, kullum. Kuɗi kuma sai kaya sun shiga hannu.

Kafin ma ka nema, ka tanadi keji mai faɗi, domin tsawonsa ya kai santimita 30 da wutsiya, kejin kanari ya yi masa kaɗan. Inuwa, ruwa mai tsabta safe da yamma, gero da dawa tare da ganye da karas. A nisanta shi da hayaƙin maganin sauro, turaren wuta da madafa, kada a ba shi albasa, avoka ko cakulan. Watan farko a ware shi daga kaji da tantabaru. Tsuntsu ne da kan kai shekara 15 zuwa 20, autan da aka saya wa zai iya yin aure ya bar shi a gidan.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kada ya goge komai don kunya. Ya ajiye rasit ɗin, wanda ke ɗauke da sunan mai karɓa da garin da aka cire kuɗin, ya ɗauki hoton hirar da lambar, ya kai wurin ƴan sanda ko jandarma. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019. Ya kuma sanar da shugaban guruf ɗin da ya ga tallar. In wata sabuwar lamba ta kira ka bayan haka ta ce za ta ƙwato maka kuɗinka in ka biya na aiki, shi ɗin ne ya dawo.